Kwana a bakin kogi a Gashaka-Gumti: zan iya zuwa da iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Gombe. Ina son in ɗauki maiɗakina da yaranmu uku, babban shekararsa 14, 'yar autar 7, mu je gandun dajin Gashaka-Gumti a hutun watan Afrilu. An ce mini akwai wuraren da ake kafa tanti a kwana a bakin kogi. Uwar yaran ta ce ita kam ba za ta kwana inda zaki zai same ta ba, su kuma yaran ba abin da suke ɗoki sai wanka a kogin. Shin akwai hatsari a irin wannan kwana? Me ya kamata mu riƙe? Na gode. (Mai karatu daga Gombe)

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, niyyarka ta faranta mini rai, domin yaran da suka taɓa kwana a daji suka ji kukan dorina da dare ba sa sake kallon namun daji a matsayin nama kawai. Kuna iya zuwa, kuna iya kwana lafiya da yardar Allah. Amma abubuwa biyu a cikin shirinka sai an gyara su: watan da ka zaɓa, da wankan da yara ke ɗoki.

Ka fara kwantar wa uwargida da hankali a kan zaki. Zakunan da suka rage a Najeriya 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kuma Yankari da Kainji ake ambata in ana maganarsu. Damisa tana nan a Gashaka, sai dai gudun mutane take yi, mai yawon buɗe ido kan zo ya tafi bai ga ko sawunta ba. Abin da ya cancanci a ji tsoronsa a sansanin bakin kogi shi ne kogin kansa, da abin da ke cikinsa, da ƙananan halittun da ke tashi a gefensa.

Gashaka-Gumti shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har kan iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti ya zama ɗaya. Kudancinsa duwatsu ne masu tsawo, a nan ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ruwan da ke sauka a kan waɗannan duwatsu shi ke gangarowa ta koguna irin su Mayo Kam ya shiga kogin Taraba, daga nan ya faɗa Binuwai. Wannan yanayin ƙasa shi ne dalilin da ya sa na ce ka sauya wata.

A Gombe, Afrilu bazara ce, ƙasa a bushe, ana jiran ruwan fari. A Gashaka kuwa damina tana riga mu sauka, a Afrilu an fara ruwa, kuma yana kaiwa har wajen Nuwamba. Kogin dutse ba ya yi wa mutum sallama kafin ya cika. Ana iya tafka ruwa can sama a kan duwatsu, kai kuma a inda ka kafa tanti taurari ne fal a sama, ko yayyafi babu, sai cikin dare ka ji ruri, kafin ka lalubo takalmi ruwa ya ci yashin da ka yi shimfiɗa a kai. Hanyar ƙasar da ke shiga daga garin Serti, inda ofishin gandun yake, zuwa ƙauyen Gashaka ita ma takan lalace da damina, mashigan ruwa su gagari mota. Ka mayar da tafiyar hutun Disamba zuwa Janairu. In kuma da hali a Fabrairu, ya fi wajen ganin dabbobi, domin ciyawa ta kwanta, ƙananan rafuka sun ƙafe, namun daji sun taru inda ruwa ya rage. A Disamba da Janairu ku riƙe barguna da rigunan sanyi na gaske. Sanyin hunturu a bakin ruwa da asuba ya fi na cikin gari shiga ƙashi.

Kada ka ɗauki mota ka tafi kai tsaye. Ka tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti tun kana gida, ka faɗa musu yawanku da shekarun yaran, ka tambaye su wane sansani ne a buɗe, me ke cikinsa, nawa ne kuɗin shiga da na rakiya, da kuma halin tsaro a makon da za ku je. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta jin kunya ba ce. Sansanin kogin Oli da ke gandun Kainji ya yi suna a da, amma 'yan bindiga sun shiga dajin a shekarun nan, haka ma gandun W da ke tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso. A Gashaka, Hukumar Gandun Dajin Ƙasa tana aiki tare da gidauniyar Africa Nature Investors tun 2017 wajen horar da masu gadin daji da ƙarfafa sintiri, kuma hakan ya taimaka. Duk da haka labarin makon da za ka tafi shi ne labari. Ku yi tafiyar Jalingo zuwa Bali zuwa Serti da rana, da mota mai ƙarfi irin Hilux, a cika tanki.

Za a haɗa ku da ma'aikacin gandu. Da ɗan gari akan ci gari, don haka inda ya nuna, nan za ku kafa tanti, ko da kun hango wani wuri da ya fi kyau. Baƙo kan zaɓi farin yashin nan mai laushi da ke dab da ruwa, ko wata 'yar gangara mai santsi da ke sauka kogi ba tare da ƙaya ba. Dukansu biyu wurare ne marasa kyau. Yashin cikin kwarin kogi yake. Gangarar kuma ba banza ta yi santsi ba: dorina ce ta tattake ta. In ka sunkuya ka duba za ka ga hanya mai kama da kwata, sawu a layi biyu, dama da hagu, da ɗan tudu siriri a tsakiya, a gefe kuma kashi mai ciyawa a warwatse a kan ganyaye har tsawon ƙugu, domin dorina da wutsiya take watsa shi. Duk inda ka ga haka, ka ɗauke kayanka ka yi nisa. Ka ɗaga kai kuma ka dubi rassan itatuwan bakin gaɓa. Busasshiyar ciyawa da karare da suka maƙale a reshe suna nuna maka inda ruwa ya kai a daminar da ta wuce. Tanti ya zauna a kan tudu, sama da wannan alama.

Dorina tana wuni a ruwa, in rana ta faɗi sai ta fito kiwo, takan yi tafiyar kilomitoci ta ci ciyawa kimanin kilo 40 a dare ɗaya, ta dawo kafin gari ya waye. Babban namiji yakan kai kilo 1,500 ko fiye, kuma a ɗan gajeren zango gudunsa ya fi na mutum. Ba nama take ci ba, ba farautar mutum take yi ba. Hatsarin yana zuwa ne in ta ga an tare tsakaninta da ruwa, ko in tana da ɗa. To lura da lokutan: fitowarta ta yi daidai da magariba, komawarta ta yi daidai da asuba, lokutan da mu kuma muke neman ruwan alwala. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Tun la'asar sakaliya a ɗebo ruwa a cika jarkoki da butoci, a yi alwala da sallah a cikin sansani. Kada kowa ya ɗauki buta ya gangara kogi da duhu, babba ne ko yaro.

Shi kuma kada nasa salon daban ne. Ba ka ganinsa, shi yana ganinka, kuma yana lura da al'ada. Wanda ke zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum ya tsuguna yana wanke-wanke, shi ne ya fi shiga hatsari. A ɗebi ruwa da bokiti mai igiya, a tsaye, mutum biyu, a inda ma'aikacin ya ce, a kawo shi sama a yi wankin kwanuka a can. Kada a zubar da hanjin kifi ko ragowar abinci a bakin ruwa.

Wannan ya kawo mu batun wankan yara. Akwai wurare marasa zurfi masu duwatsu da ruwa garau inda ma'aikatan gandu kan bar baƙi su shiga da rana. In ma'aikacinku ya nuna irin wannan wuri, yana tsaye, kai ma kana tsaye, ba zan ce haramun ba ne. Amma ni da zan zaɓa wa yarinya 'yar shekara 7, da bokiti zan ce ta yi wanka. Gurbi mai zurfi mai kwantaccen ruwa gidan dorina da kada ne, duwatsun da ruwa ke gudu a kai kuma suna da santsi. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwa mai kwanciya su huda fata ba tare da an ji ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsari ko a bayan gida. Tana da magani, praziquantel, amma gara a kauce mata. In iyo ne burin yaran, ka yi musu alkawarin Yankari, wadda ma ta fi kusa da ku: ruwan Wikki garau yake, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, kuma an tanade shi don wanka.

Sauro shi ne abin da ya fi kwantar da baƙin bakin kogi. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani ko tanti mai raga da ke rufuwa ruf, a shafa maganin sauro, a sa dogon hannu da safa tun magariba. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan mako guda ko fiye, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi bayan kun koma Gombe, a yi masa gwaji ranar. Da rana kuma akwai wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, shi ke yaɗa cutar makantar kogi, wadda ta daɗe tana addabar ƙauyukan Taraba. Cutar tana kama wanda ya daɗe ana cizonsa ne, baƙon kwana uku hatsarinsa kaɗan ne, sai dai ƙaiƙayin cizon yana hana yaro barci, kuma a ƙafafu ya fi cizo. Ƙudan tsando ma yana nan a kurmin bakin ruwa. Shuɗi da baƙi ne ke jawo shi, don haka a bar shuɗiyar shadda da baƙin hijabi a gida, a sa tufa mai kauri launin ƙasa.

Kowa ya samu tocilarsa da takalmi rufaffe, a kuma zazzage takalmin da safe saboda kunama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kai da kake Gombe ka san asibitin saran maciji na Kaltungo, amma daga Gashaka yana da nisa sosai, shi ya sa tun isarku za ka tambayi ma'aikatan wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar dafin maciji.

Abinci ku taho da shi daga Jalingo ko Serti: shinkafa, taliya, gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, kayan shayi, da risho ko ƙaramin gas. Ruwan kogi sai an tafasa kafin a sha. Gwaggon biri ya san leda, ya san kula, kuma yana iya buɗe tanti, don haka abinci ya kwana a cikin mota a kulle. Ka ja wa yara kunne kada su miƙa masa komai. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan koma ƙwace, daga nan sai cizo, ƙarshensa kuma ma'aikata su rasa yadda za su yi da shi.

Ina roƙonka da abu ɗaya don kogin kansa. Mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da ku wannan ruwan suke sha. In sansanin ba shi da makewayi, a yi nisa da ruwa kamar taku 70, a haƙa rami a rufe. Sabulu da omo kada su shiga kogi. Ledar ruwa da gwangwani da batir, duk abin da kuka shigo da shi ku fita da shi. Wuta a hura ta ƙarama a wurin da aka share, da busassun itatuwan da suka faɗi, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, domin da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye tudu guda. Farauta haramun ce a gandu, kamun kifi kuma sai da izini daga ofis.

Kwana biyu ko uku sun ishe ku a zuwan farko. Da hantsi ma'aikacin zai iya kai ku inda za ku hango dorinai daga kan gaɓa, ku ga gwambaza da mazo da tsuntsayen ruwa, ku kuma hau ku ga kufan ganuwar da Jamusawa suka bari a kan tudun Gashaka tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Biri mai ganga, wato chimpanzee, yana can cikin kurmin Kwano, inda masu bincike suka fara nazarinsa tun shekarar 2000, amma tafiyar ƙasa ce mai tsawo, kuma ganinsa sai an dace. Wannan ka bar wa babban yaron zuwa wani lokaci. 'Yar autar ba za ta iya tafiyar ba tukuna. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.