Tambarin shaidar ingancin zuma: ta ina ake fara rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu ƙungiyar masu kiwon zuma ce. 'Yan algus masu haɗa zuma da sukari sun ɓata mana kasuwa. Muna son tambari ɗaya da duk zumar da ta cika sharaɗi za ta ɗauka. Yaya ake masa rajista?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da kuke nema shi ake kira tambarin shaidar inganci, kuma sashe na 43 na Dokar Alamomin Kasuwanci ta Najeriya, wadda aka kafa a 1965, ya tanade shi. Tambarin kamfani yana nuna wanda ya yi kaya. Wannan kuwa shaida yake bayarwa kan asalin kayan, ko yadda aka sarrafa su, ko ingancinsu.

Kafin ku kashe ko sisi, ku duba wannan: doka ba ta yarda a yi wa mai sayar da irin kayan rajistar tambarin ba. In ƙungiyarku da kanta take tara zuma tana sayarwa, ba za a ba ta ba. Ni ina ganin hikimar hakan, domin wanda ke da riba a cikin tulun zuma bai kamata ya zama shi ne alƙalin kyanta ba. Mafita ita ce membobi su ci gaba da cinikinsu, ƙungiya ta tsaya ga dubawa kawai, ko ku kafa wata ta daban don wannan aiki.

Takardar nema ana shigar da ita ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. A rabe-raben kaya da ake amfani da shi wajen rajista, zuma tana rukuni na 30. Babban aikin yana wajen rubuta ƙa'idojin amfani da tambarin: wace zuma ce ta cancanta, wa zai gwada ta, da me, kuma me zai faru da wanda aka kama da algus. Za a duba ko kuna da ƙwarewar tantancewa, ko ƙa'idojin sun gamsar, ko kuma rajistar za ta amfani jama'a.

Daga nan sai a buga a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Ba ta ɗauke muku neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba, kuma kariyarta ba ta ƙetare iyakar Najeriya.