Amsa ga ƙanwarmu da ta ce tana jin Turanci amma bakinta ba ya buɗewa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin gama digiri kina jiran tafiya bautar ƙasa, kina karanta Turanci ki gane, kina rubutawa, amma da an ce ki tashi ki yi magana sai gabanki ya faɗi, kalmomin su watse. Kin kuma tambaya ko sai kin koma kin sake karatun nahawu daga tushe. Ni malamar Turanci ce a sakandare, na daɗe ina riƙe da ƙungiyar muhawara ta 'yan mata, kuma irinki sun wuce ta hannuna da yawa. Kada ki koma wa littafin nahawu. Turancin yana nan a kanki, bakinki ne bai saba fitar da shi ba.

Ki duba yadda aka koyar da mu. A jarrabawar WAEC akwai takarda ta uku, wadda aka ware don gwajin furuci, amma da fensir ake amsa ta: ki zaɓi A ko B ko C ko D, ki fito ba ki furta ko kalma ɗaya ba. JAMB kuma a gaban kwamfuta ake yin ta. Yarinya za ta iya cin kiredit mai kyau alhali ba ta taɓa yin maganar minti biyu a jere da Turanci ba. A aji, malami ya cika allo da rubutu, a kwafa, a haddace. A 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a koyar da harshen gida a farkon firamare, daga baya Turanci ya karɓa, amma a makarantun gwamnati da yawa a Arewa malami yakan karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa har a sakandare. Ba na zargin malaman, so suke yara su gane darasi. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne kunne ya ƙoshi, baki bai samu rabonsa ba.

Ga kuma ni'imar da Allah ya yi wa harshenmu, wadda a wannan fannin ta rage mana dama. Daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Yola, Hausa ta ishe ki kasuwa, asibiti, tasha, har ofis. Yaron da ya tashi a Fatakwal ko Warri dole ya yi Turanci ko buroka kafin ya yi wasa da ɗan maƙwabta, don harshen gidajensu ba ɗaya ba ne. Idan kika gan shi a sansanin bautar ƙasa yana zuba kamar ruwa, ki sani shekara ashirin ya yi yana motsa bakinsa da harshen. Sau da yawa idan aka zo rubutu, ke ce za ki gyara masa. Wata mai bincike a Kanada, Merrill Swain, ta lura da irin wannan a 1985: yara masu Turanci da aka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci suna fahimta sosai, amma maganarsu ta kasa kamo fahimtarsu, saboda ba a cika tilasta musu yin doguwar magana ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyar da muke yi wa juna. Yarinya ta yi ƙoƙari ta yi Turanci ta kwafsa, aji ya fashe da shewa, a laƙaba mata kalmar ta zama sunanta har ta gama makaranta. Idan kuma ta yi daidai, a ce iyayi take yi, wai ita 'yar boko. To ina za ta sa kanta? Sai ta zaɓi shiru, don shiru ba a yi masa dariya. Dokar hana banakula, wato yin harshen gida, da tarar da ake ci a wasu makarantu ba ta gyara komai ba. Abin da na gani da idona shi ne yara sun daina magana gaba ɗaya idan firifet na kusa. Na sha ganin yarinyar da ta fi kowa maki a rubutu ta tsaya gaban aji hannunta na rawa, idonta ya kawo ruwa. Wallahi irin wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma mu manya muna da hannu a ciki duk lokacin da muka bari aka yi dariyar muka yi shiru.

Ki je Sabon Gari a Kano ki tsaya shagon ɗan kasuwa Ibo ki saurari Hausarsa. Zai ce wa mace "ka zo", ya ce wa namiji "ki duba", ya karya harshen yadda ya ga dama, ya sayar da kayansa ya karɓi kuɗinsa. Ba ya jin kunya, mu ma ba ma raina hankalinsa, har daɗi muke ji yana yin yarenmu. Bayan 'yan shekaru sai ki ji shi yana ciniki har da karin magana. Uzurin da muke yi masa a Hausa, ki yi wa kanki shi a Turanci.

Batun karin harshe kuma, ki sauke wannan nauyin daga kanki. Masu Turanci a duniya sun kai kusan biliyan ɗaya da rabi, waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa ba su kai miliyan 400 ba. Yawancin waɗanda za ki yi magana da su, koyo suka yi kamar ke, kowa da alamar harshen gidansu a bakinsa. Kuma kada wani ya ce miki bakin ɗan Arewa ba ya iya Turanci. Ki nemi jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, na Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 ko na ziyararsa Amurka a 1961. Malamin makaranta ne daga Bauchi, ɗalibin Kwalejin Katsina, makarantar da ta yi suna wajen horar da ɗalibai furucin Turanci. Ki lura da abu guda: ba ya sauri. Yana ajiye kowace kalma a wurinta, ya tsaya, ya numfasa. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, shi ma haka. Masu tsoro su ne suke gudu a magana don su gama su zauna, gudun kuma shi ke jawo tuntuɓe.

Yanzu ga abin da nake sa ɗalibaina, kuma na ga amfaninsa.

Mu da muka yi makarantar allo mun san ba a karatu a zuci. Malam ya biya, ki maimaita da ƙarfi, ki yi ta nanatawa har harshe ya faɗa. Haka za ki yi wa Turanci. Ki sauke gajeren shiri a waya, kamar shirye-shiryen koyon Turanci na BBC masu minti shida, waɗanda suke zuwa da rubutun abin da aka faɗa. Ki saurari jimla, ki tsayar, ki faɗe ta da murya a sarari da irin hawa da saukar mai maganar. Kwata ɗin awa kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Kuma shiri ɗaya ki riƙe shi mako guda, kada ki yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan.

Wanda na fi yarda da shi kuwa, masana koyar da harshe suna kiransa 4/3/2, Paul Nation na cikin waɗanda suka yi bincike a kansa. Ki ɗauki abin da kika sani sarai, misali yadda ake dambun shinkafa, ko abin da kika rubuta a furojet ɗinki. Ki bayyana shi cikin minti huɗu. Ki sake faɗar abu ɗaya cikin minti uku, sannan cikin minti biyu. A asali masu sauraro uku daban ake so, amma idan babu, ki ɗauki muryarki a waya. A karo na farko za ki yi ta "eh... eh...", kina laluben kalma. A na uku ƙwaƙwalwa ta riga ta tanadi kalmomin, sai ki ji maganar na tafiya da kanta. Ranar da yarinya ta fara jin muryarta tana Turanci ba tangarɗa, ranar take fara yarda da kanta, kuma ba wata nasiha da za ta ba ta wannan. Ki ajiye rikodin ɗin farko, ki sake saurara bayan wata ɗaya.

Ki kuma tanadi maganganun da kin san dole za a tambaye ki: sunanki da garinku, abin da kika karanta, dalilin da kika zaɓe shi, abin da kike son yi nan gaba. Ki haɗa da jimlar neman a maimaita miki magana, da ta neman ɗan lokaci ki yi tunani. Yawancin firgici a daƙiƙun farko yake zuwa, idan kika tsallake su da abin da bakinki ya saba, sauran na zuwa da sauƙi.

Furuci kuwa, ki gyara wanda ke canza ma'ana kawai. A Hausa p da f sauti ɗaya ne a wurinmu, v kuma ba mu da ita, shi ya sa "pull" da "full" suke haɗe mana, haka "vote" da "boat". Ki tsaya gaban madubi: a p leɓɓa biyu suna haɗuwa su buɗe, a f da v haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Ragowar ki bar su, sa gyaru a hankali.

Sai batun sansani. Mako uku ne, kuma na san abin da 'yan'uwanmu suke yi: daga isa a nemi masu jin Hausa, a haɗa gado wuri ɗaya, a je masallaci tare, a ci abinci tare, a fito ba a yi Turancin kirki ba. Ki riƙe 'yan'uwanki, za su yi miki rana, amma ki yi ƙawa ko da ɗaya ce wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, wadda dole sai da Turanci za ku gaisa. Galibi makaranta ake tura masu bautar ƙasa. Idan aka ba ki aji kada ki nemi canji saboda tsoro, ki shirya darasinki da baki a ɗaki kafin ki shiga. Wanda ya kushe ki a gaban mutane ki ce masa na gode, ki ƙarasa jimlarki, kada ki yanke ta.

Idan shugabannin wannan zaure sun amince, mu ware rana ɗaya a mako da duk mai so zai turo saƙon murya na minti biyu da Turanci kan batu guda. Ni zan saurara in tura wa kowa gyara a keɓe, abu biyu kacal a kowane saƙo. Sharaɗina shi ne duk wanda ya yi wa wani dariya ko ya fitar da muryarsa waje a cire shi. Ƙanwata, ke za ki fara: ki ba mu labarin unguwarku da abin da aka fi sanin ta da shi.