Tambayoyinku kan fasaha: yadda imel zai riƙa rarraba kansa

Malam, ni ne sakataren wata ƙungiya ta tsofaffin ɗalibai. Mun yi yarjejeniya cewa duk mai aiko da imel ya fara taken saƙonsa da alama, kamar [TARO] ko [KUDI] ko [SANARWA]. An fara bi, amma duk da haka saƙonnin suna zubowa wuri ɗaya, sun cakuɗe da na aikina. Yaya zan sa kowanne ya tafi inda ya dace? Gmail nake amfani da shi.

Malam sakatare, rabin aikin kun riga kun yi shi. Alamar da ke kan take idon mutum kawai take taimaka wa, ba ta ɗaga saƙo daga nan zuwa can sai ka kafa mata matata, wato abin da Gmail ke kira "filter". Matata umarni ne mai hannu biyu: idan saƙo ya zo da siffa kaza, a yi masa kaza.

Tun da aka buɗe Gmail a 2004, lakabi yake amfani da shi a maimakon folda. Saƙo ba ya zama a folda biyu, amma yana iya ɗaukar lakabi biyu ko uku, don haka wanda ya shafi kuɗin taro za ka same shi a ɓangarorin biyu.

Ka buɗe Gmail a kwamfuta. A gurbin bincike na sama ka rubuta subject:taro ka danna "Enter", sannan ka tsaya ka duba abin da ya fito. Kada ka tsallake wannan matakin, domin abin da binciken ya kamo shi ne dai matatar za ta riƙa kamawa daga baya. In ka gamsu, danna 'yar alamar da ke ƙarshen gurbin ta hannun dama, ka zaɓi "Create filter". Jerin zaɓi zai fito. Ka sa hannu a kan "Apply the label", ka ƙirƙiri sabon lakabi mai suna Taro. Idan kana son saƙon ya wuce kai tsaye ba tare da ya tsaya a babban akwati ba, ka ƙara da "Skip the Inbox". A can ƙasa akwai wani ɗan gurbi da ke cewa a yi wa tsofaffin saƙonni irin wannan aikin. Mutane da yawa ba sa lura da shi, sai su dawo suna cewa matata ba ta aiki, alhali sababbin saƙonni take jira.

Shawarata, [SANARWA] da [KUDI] ka bar su su wuce babban akwati, amma [TARO] ka sa masa lakabi kawai ya tsaya inda za ka gan shi. Abin da ya ɓace wa ido yakan ɓace wa zuciya, kuma sakatare ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya manta ranar taro.

Na yi matata da [TARO] har da bakan da ke gefensa, amma sai ga ta tana kwaso saƙonnin ofishinmu da ba su da alaƙa da ƙungiya. Wasu na ƙungiyar kuma suna zillewa. Ina kuskuren yake?

Ba ke kika yi kuskure ba, Malama, halin Gmail ne. Bincikensa ba ya ganin baka, ba ya ganin waƙafi ko alamar motsin rai. A wurinsa [TARO] da taro da Taro! duk abu ɗaya ne. Shi ya sa da shugaban sashenku ya rubuta "Taro gobe da safe", matatar ta cafke saƙon ta kai shi cikin na ƙungiya.

Zillewar kuma daga harshenmu take. Gmail cikakkiyar kalma yake nema, ba guntunta ba, mu kuwa kalmominmu wutsiya suke yi: taro, taron, taruka, tarukan. Wanda ya manta da yarjejeniya ya rubuta "Taron wata-wata" ya fita daga tarkon da aka ɗana wa "taro". Kina iya faɗaɗa tarkon ki rubuta subject:(taro OR taron), da OR ɗin (wato "ko") cikin manyan baƙaƙe, amma hakan zai ƙara yawan na ofis da za a kwaso.

Magani biyu ne, kuma gara a haɗa su. Na farko, a canza alamar ta zama kalmar da babu wanda zai rubuta ta bisa tsautsayi. A ɗauki gajeren sunan ƙungiya a manne shi da kalmar ba tare da tazara ba, misali [TDTARO] da [TDKUDI]. Ba ta da kyan gani, na yarda, amma ba za ta taɓa faɗowa a saƙon ofis ba. A nan ne ma zan ba da shawarar da ba na son bayarwa a ko'ina: a cire ƙugiya daga baƙaƙen alamar. Ni mai son a rubuta kuɗi da ɗ ne, amma wani allon rubutunsa na da ita, wani babu, kuma na'ura na iya ɗaukar kudi da kuɗi a matsayin kalmomi biyu daban.

Na biyu shi ne wanda na fi dogara da shi. Alamar take rataye take a wuyan mutane, mutum kuwa ajizi ne. Yau ya manta, gobe ya yi kuskuren harafi, jibi ya ɗauko tsohon saƙon [KUDI] ya danna amsa ya kawo maganar rasuwa a ciki, alamar na nan manne a sama ba ta san an canza zance ba. Adireshin mai aikowa kuwa ba ya mantuwa. Saboda haka ki fara kafa matata a kan masu aikowa: a gurbin "From" ki jera adireshin shugaba da ma'aji da sauran masu yawan rubutu, ki raba su da OR, ki ba su babban lakabi ɗaya mai sunan ƙungiya. Sai alamomin take su zama ƙananan lakabobi a ƙarƙashinsa, domin Gmail na barin a saka lakabi cikin lakabi. Ta haka ko mutum ya manta da alama, saƙonsa ba zai fita daga gidan ƙungiya ba, ɗaki kawai zai rasa.

Akwai kuma alamar cirewa. Idan kika rubuta subject:taro -from: sannan adireshin wani, kin ce a kamo komai ban da nasa. Tana da amfani idan mutum ɗaya ne ke ɓata miki lissafi.

Ba ni da kwamfuta, waya kawai. Na duba manhajar Gmail sama da ƙasa ban ga inda ake yin matata ba.

A shafin Gmail na kwamfuta ake yin ta. Ka buɗe Chrome a wayar, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi "Desktop site", sannan ka shiga mail.google.com. Rubutun zai yi ƙanana, sai ka yi ta ja da yatsu biyu, amma aikin zai yiwu. In aron kwamfuta za ka yi, ka tabbata ka fita daga asusunka kafin ka tashi. Sau ɗaya ake shan wahalar: matatar a can wurin Google take zaune, tana aiki ko wayarka na kashe, kuma lakabobin za su bayyana a cikin manhajar da kansu.

Na gaji da saƙonnin talla, sai na sa matata ta riƙa goge duk wanda takensa ke da kalmar "offer". Yanzu wani kamfani ya ce ya aiko mini da takardar ɗaukar aiki ban gani ba.

Subhanallahi. Ɗan'uwa, ajiye karatun nan ka je ka buɗe kwandon shara na Gmail yanzu. Saƙon da aka goge yana kwana 30 a can kafin ya tafi gaba ɗaya. In ka same shi, mayar da shi babban akwati, sannan ka shiga "Settings", ka nemi sashen "Filters and Blocked Addresses", ka goge waccan matatar. In kwanakin sun wuce, ka roƙi kamfanin ya sake aikowa, ba abin kunya ba ne.

Ni ba na sa matata ta goge komai a kan kalma ɗaya ta take. Kalmar da mai talla ke amfani da ita, ita ce mai ɗaukar aiki da makarantar da ta ba ka gurbi suke amfani da ita. Ka sa su wuce babban akwati su taru a lakabi ɗaya, ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako kana share su da hannunka. Wanda ba ka so sam, ka danna "Unsubscribe" da ke kusa da sunan mai aikowa. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika tallace-tallace da yawa su sauƙaƙa wannan hanyar fita. Idan wurin ajiya ne ke damunka, talla ba ita ce ke cinye gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba, galibi manyan fayiloli ne. Rubuta larger:10M a gurbin bincike ka ga masu laifin.

Akwai hanyar da zan rarraba saƙonni ba tare da na roƙi kowa ya sa alama a take ba?

Akwai, ita ce alamar tarawa. Gmail ba ya kula da duk abin da aka rubuta bayan + a ɓangaren suna na adireshi. Idan ka ƙara +makaranta ko +banki bayan sunanka, kafin alamar @, saƙon akwatinka zai zo, sai ka kafa matata a kan gurbin "To". A nan alamar a hannunka take, ba a hannun mai aikowa ba. Wasu shafuka dai ba sa karɓar adireshi mai +.

A ofis Outlook muke amfani da shi, a gida kuma Thunderbird. Abin da ka faɗa ya shafe su?

Tunanin ɗaya ne, ɗabi'ar ce ta bambanta. A Outlook sunan abin "Rules", kuma shi yana ganin baka, yana kuma kama guntun kalma. Wato [TARO] za ta yi aiki yadda kake so, amma in ka rubuta gida zai kwaso har da maigida. Sannan yana bin dokokin daga sama zuwa ƙasa, kuma akwai zaɓin "Stop processing more rules" da ke hana na ƙasa taɓa saƙon da ta sama ta riga ta kama. Don haka ka sa doka mai takamaiman sharaɗi a sama, mai faɗi a ƙasa. Gmail ba shi da wannan maɓallin tsayarwa, duk matatar da ta dace da saƙo za ta yi aikinta a kansa.

Thunderbird kuwa a cikin kwamfutarka yake tacewa, sai yana buɗe matatarsa ke aiki. In ka duba wayarka da rana ka ga komai a cakuɗe, dalilin ke nan: kwamfutar gida na kashe. Idan adireshin na Gmail ne ko na wani mai ba da matata a shafinsa, ka kafa ta a can, Thunderbird ya zo ya tarar an riga an rarraba.