Amsa ga mai tambaya kan karɓar jirgin ruwan fasinja daga hannun 'yan aikin safe

Malam, ka ce duk ranar da ka karɓi jirgi daga 'yan safe sai ka tarar da matsala, kuma kai mai jirgi yake ɗora wa laifi. Wallahi na san zafin wannan abu, don ciwon da yake cin mu ke nan duka. Kada ka ƙara karɓar jirgi da baki. "Komai lafiya" ba miƙa aiki ba ne. Ku sauka ɗakin inji tare da mai tashi daga aiki, ku rubuta awannin inji da yawan man da ya rage da duk abin da ya taɓa, ku biyu ku sa hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da zai wanke matatar ruwan sanyaya inji, ya rufe bawul ɗin da ke shigo da ruwa, ya tafi gida bai buɗe ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Kai ka zo ka tayar. Robar nan mai fukafukai ta cikin famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji ruwa ne yake jiƙa ta, in ta juya a bushe nan da nan take ƙonewa. Kana tsakiyar ruwa da mata da yara gejin zafi ya haura, ƙararrawa ta ɗauka, dole ka kashe inji, iska tana tura ka inda ta ga dama, shi kuwa yana can yana barci. Gutsattsarin robar ma ba sa ɓacewa, suna shigewa cikin na'urar sanyayawa su toshe ta, sai an kwance an tsince su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kafin ka murza makulli ka kai hannunka kan bawul ɗin, da inji ya tashi kuma ka leƙa salansa. In ruwa ba ya fitowa, kashe shi take.

Ka zaro gejin baƙin mai. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kada ka tashi ko mai jirgi zai yi ta ihu. Ka tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin filtar gas. Ka danna fanbel da yatsa, kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1. Batir mai volt 12 in ya cika ya huta yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4.

Wasu kuma sai su kwashe ruwan ƙasan jirgi dab da zuwanka don kada ka gane yana yoyo. Allah ya shirye su. Ka ɗaga bulbulon da ke kunna famfon kwashe ruwan ƙasan jirgi da hannu ka ji ya kama, ka duba inda sandar farfela ta fita, sannan ka sake leƙawa bayan minti 20.

Tun igiya tana ɗaure ka gwada giyar gaba da ribas, ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Fitilar hagu ja ce, ta dama kore, ka kunna ka gani ko da rana ce, rediyo kuma a kan tasha ta 16, wato tashar kiran gaggawa. Rigunan kariya kuwa da hannunka za ka ƙirga su, har da na yara, don su ne ake yawan ɗaukewa a yi matashi da su a manta ba a mayar ba.