Izinin gini a Zariya: ina fayil ke maƙalewa?

Tambaya: Na sayi fili a wajen Tudun Jukun, ana ce mini izinin gini kan ɗauki watanni. Me ƙaramar hukuma za ta yi ta rage wannan jira?

Amsa: Malam, a cikin gari ba ƙaramar hukuma ke ba da izinin gini ba, aikin KASUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, takardar mallaka kuma tana hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ta karkara.

Amma yawancin jinkirin tun daga unguwa yake farawa. Fili na awon igiya ne, takardar ciniki ɗaya ce da hannun mai unguwa, ba safiyo, ba duwatsun iyaka. Jami'i ya zo duba wuri, zane ya nuna hanya a gaban gida, a ƙasa kuwa maƙwabci ya riga ya ja katanga ya cinye rabinta. Dole fayil ya tsaya. Wani lokaci ma filin ne ba a gane ba, don kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai shayi" ne kawai.

Nan ne ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ke da ta cewa, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ba su sanya wa tituna suna, lambar gidaje da kula da magudanan ruwa. Su fara da wannan. Sannan a ajiye rajistar cinikin filaye a ofishin kowane hakimi, da girman fili da sunayen maƙwabta huɗu, don a daina sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A sakatariya a buɗe tebur guda mai jerin takardu da kuɗin kowanne a manne a bango, a duba fayil tun ranar da aka kawo shi, a ba da rasit mai kwanan wata. A ganina wannan teburin ya fi sayen kwamfuta amfani, kuma shi ke kashe kasuwar 'yan "kawo in bi maka".

Kai kuma ka haɗa takardar fili, zanen safiyo da zanen gini mai hatimin ƙwararre. In bene ne, har da lissafin injiniya. In filin na gangaren Kubanni ne, tambayi tazarar da ake bari daga bakin rafi kafin ka sauke bulo, don jan fentin da hukuma ke shafawa a dakatar da gini kan zo ne bayan an zuba harsashin gini.