Gwaggo, ɗakina ya zama tanda

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. Haya muke a Ƙofar Ƙaura, Katsina, ciki da falo, rufin kwano babu silin. Tun da Maris ya kama, daga azahar har sha ɗayan dare ɗakin ba ya zaunuwa. 'Yan biyuna watansu bakwai, ƙurajen zafi sun feso musu har fatar kai. Tagogi a buɗe nake barinsu wuni guda, fanka kuwa ko an kawo wuta iska mai zafi take hurowa. Maigida ya ce ba halin sayen na'urar sanyaya ɗaki bana. Yaya zan yi? Daga Maman 'yan biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raya mana su. Tagogin nan da kike bari a buɗe da rana, su ne kuskuren farko. A Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40, don haka iskar da ke shigowa da azahar tana iya fin ta cikin ɗakin zafi. Ki rufe su da hantsi, ki saki labule mai kauri, sai bayan isha'i ki buɗe duka har da ƙofa, iska ta shiga nan ta fita can. Tagar da ke kallon yamma ita ce muguwa. A rataya mata asabari ta waje, domin ranar da ta riga ta taɓa gilashi ta shigo ke nan.

Amma babban mai laifin yana bisa kanki. Ni a Daura na tashi, ɗakin kakata soro ne na ƙasa da azara, kaurin bangonsa ya kai kamu guda. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa, saboda kafin zafi ya ratsa wannan ƙasar rana ta faɗi. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauka, ya juye muku a ka. Mun rushe soraye muna cewa ci gaba, ga shi nan muna shan abinmu. Maigida ya samu mai gidan hayar su yi maganar silin, ko na kwali ne, a cire daga kuɗin haya. In hakan ta gagara, a ɗaure zana ko tabarmi ƙarƙashin kwanon a bar tazara tsakani, nesa da wayar wuta, sannan a shafa wa saman kwanon farin fenti ta waje. Kafin kuɗin sola, nan zan fara kai nawa.

Fankar kuma, ki jiƙa buhun algarara ko tsohon zane ki rataya a gabanta. Iskarmu ta bazara busasshiya ce, tana shan ruwan tana barin sanyi, yadda tulu yake yi. Da wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu kyautar Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatur ya yi kwanaki bai lalace ba. Sai dai in damina ta matso iska ta yi laima, buhun ba ya wani tasiri. Girki kuma a fitar da shi tsakar gida.

Yaran, ki rage musu kaya, 'yar shimi ta auduga ta isa, ki riƙa shafe su da jiƙaƙƙen tsumma, ki yawaita ba su nono da ruwa. In za ku kwana waje, sai da gidan sauro. Wanda kika ga fitsarinsa ya ragu, ya yi laushi ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi mai zafi da maɗigarsa ta kumbura, kada ki jira maigida ya dawo kasuwa. Lokacin sanƙarau ne, ki goya shi ku tafi asibiti.