Kan kunyar ɗan fari da kika tambaya

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni Garwa. Kin ce malaminku na jami'ar Marwa ya koya muku cewa yaro yana buƙatar shaƙuwa da uwarsa, ga shi kuma surukarki na son ki yi kunyar ɗan fari: kada ki kira sunansa, kada ki yi masa wasa a gaban mutane, in lokacin yaye ya yi a kai shi wurin kaka. Kina tambayar wa ke da gaskiya.

Addini bai ɗora miki wannan kunyar ba. Alƙur'ani ya ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, aya ta 233 a Baƙara. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuwa ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Kunyar al'ada ce tamu, zamanmu da Fulani kuma ya ƙara mata kauri. Tun da Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓo tuta wajen Shehu Usmanu muke cuɗe da su a ƙasar nan, su kuwa kunya ƙashin bayan pulaku ce, wato ɗabi'ar da Bafulatani ke alfahari da ita.

Malaminku maganar John Bowlby yake yi, likitan Ingila da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951. Amma ki duba yaran da ya yi magana a kansu: waɗanda yaƙi ya raba da gida, da na gidajen marayu, inda ma'aikaciya ke zuwa ta tafi, yaro bai da wani nasa. Ɗan fari a gidan kakanki ba haka yake ba. Uwa ta kau da kai, amma kaka ta goya shi tana ce masa mijina, gwaggo ta yi masa tawai, 'yan matan gida suna rige-rigen ɗaukarsa. Da dare kuma a jikin uwar yake kwana yana shan nono. Kunyar ta idon mutane ce. Abokiyar aikin Bowlby ma, Mary Ainsworth, a ƙauyukan kusa da Kampala ta fara lura da uwaye da jariransu a 1954 da 1955. Wato wani sashe na abin da ake karanta muku daga bayan matan Afirka aka ɗauko shi.

Inda nake tare da malaminku shi ne, wancan gidan babu shi a wurinki. Ɗaki biyu na haya kike ciki, mijinki na kasuwa tun safe. In kin yi kunyar ɗanki a nan, wa zai yi masa dariya? Don haka ki rungume shi, ki yi masa hira. Sunan kuwa mai sauƙi ne, tunda na surukinki aka sa masa. Ki yi masa laƙabi, a gaban surukarki ki ja bakinki, ba abin da zai rage ki.

Yayen nan na rana ɗaya shi ne ban yarda da shi ba, ko da can. Na sha ganin yaron da aka kai wa kakar da bai sani ba, ya kwana yana kuka, ya ƙi kunu, ya rame, a ce wai rigimar yaye ce. Ki rage nonon a hankali. In surukarki na son riƙonsa, ta zo Marwa ta zauna da ku har ya saba da hannunta, ko ku riƙa kai mata shi hutu. Amma kada ke ki faɗa mata da bakinki. Mijinki ya tura baffansa, ni ma zan kira ta bayan sallah.

Ki gaida maigidan. Gwaggonki.